Kwamfutar da Ba Ta Wuce Azahar

Shafi na 11

Masu cewa na bar Sadiqa a tsugunne gaban kwamfuta har kwana uku, to ga ta nan ta miƙe.

Yau kwana shida ke nan da Tayyib ya zo Batsari daga Safana a kan babur, ya buɗe cikin babbar kwamfutar cibiyar koyon kwamfuta ta Sadiqa, ya sa mata sabuwar ƙwaƙwalwa, da ram guda biyu masu ƙara sauri, da wata fanka mai shuɗiyar fitila wadda shi da bakinsa ya amsa cewa don ado ya sa ta. Kafin zuwansa, in aka jona mata ƙananan kwamfutoci goman da ɗalibai ke zama a gabansu, sai ta riƙa jan ciki kamar tsohuwar a-kori-kura a hawan tudu. Bayan aikinsa ta koma kamar walƙiya. Aibinta ɗaya, kullum sai ta mutu sau biyu. Ba gargaɗi, ba rubutu a allo. Ɗif za ta ɗauke, ta sake tashi da kanta, duk amsar da ɗalibai suka shigar ta tafi.

Gobe kuma ita ce ranar.

Sadiqa da kanta ta je Runka makonni uku da suka wuce, ta zauna gaban iyayen yara ashirin da za su rubuta jarrabawar shiga jami'a a kwamfuta, alhali ko sau ɗaya ba su taɓa ɗora hannu a kanta ba. Sai da ta yi wuni tana roƙo kafin aka yarda. Rana ɗaya tak aka ba ta, ranar kasuwa, lokacin da motoci ke tafiya a jere saboda halin da hanya take ciki. Za su iso wajen sha ɗaya, su juya kafin la'asar. Goma za su fara gwaji, goma su biyo baya, kuma rukuni na biyu dole azahar ta same su a tsakiyar aiki. In kwamfuta ta mutu musu, babu wata gobe. Haka za su shiga jarrabawar gaske ba su taɓa kai ko gwaji ɗaya ƙarshe ba, ita kuma ba ta da fuskar sake shiga Runka.

Babu abin da ita da Tayyib ba su gwada ba. Sun zare ram ɗaya sun bar ɗaya, ta mutu. Sun musanya su, ta mutu. Tayyib ya goge bakinsu da magogin fensir, ya hure ramukan ya mayar, ta yi aiki lafiya tun safe har ya fara yawo yana buɗa ƙirji, azahar na gabatowa ta mutu. Suka ce ko zafi ne, suka cire murfin suka kafa mata fankar ƙasa. Suka goge komai na cikinta suka sake zubawa. Har firizar Kawu Lado suka kashe wuni guda, don su ga ko ita ke ƙwace wuta.

Kawu Lado shi ne Sarkin Fawa, wan mahaifiyar Sadiqa kuma mahaifin Tayyib. Shagon da cibiyar take nasa ne, wutar solar da take amfani da ita ma tasa ce. Ranar da aka kashe masa firiza ya wuni yana leƙa hantarsa yana cewa in ta yi wari to su biyun za su cinye ta ɗanya. Firiza a kashe, kwamfuta ta mutu a kan lokacinta.

Amma ba mutuwar ce ta fi ƙona wa Sadiqa rai ba, mutanen unguwa ne. Wata ɗaliba ta lura cewa kullum dab da azahar da la'asar abin ke faruwa, ta kai wa uwarta. Kafin kwana biyu duk layin 'yan nama an ji cewa kwamfutar 'yar ƙanwar Sarkin Fawa ba ta aiki lokacin sallah. Mata suka fara leƙowa ta taga. Wani tela ya jawo ɗansa mai wasa da sallah ya tsayar da shi a bakin ƙofa, ya ce ya duba da kyau, ƙarfe ma ya san lokaci. Wani dattijo ya ba Sadiqa shawara ta daina kwance ta, kada ta kore albarkar da ta samu.

Haka muke. Abu ya lalace, maimakon a nemi inda ya lalace, sai a raɗa masa suna mai daɗi, a shimfiɗa tabarma a zauna kallonsa. Rufin aji ya yaye, a ce yara na shan iska. Ba wanda ya tambayi Sadiqa me za a yi wa yara ashirin na Runka.

Ƙarfe uku da kwata na yamma, ita da Tayyib suna zaune a gaban kwamfutar, cikinta a buɗe, shuɗiyar fitila na ta juyi. Tun safe suke faɗa irin na taubasai, sai dai yau nata ya fi na wasa zafi. Ta ce masa ya ji tsoron Allah ya faɗa mata gaskiya, kayan gwanjo ya kwaso ya wanke da omo ya kawo mata a kwali. Ya ce irinsu ya sa wa kwamfutoci fiye da goma a Safana, ba wadda ta taɓa yi masa tari, sai tata da ta gaji halin mai ita. Daga nan ya kawo shawarar da ta fi komai ɓata mata rai. Ya ce tunda an san lokacin da take mutuwa, a rage wa rukuni na biyu tambayoyi su gama kafin lokacin, shi ke nan kowa ya huta.

Ta ce rabin gwaji za ta ba yaran da aka sako a mota a wannan hanya? Ranar jarrabawar gaske ma rabi za a ba su?

Ta jawo allon ta buɗe inda kwamfutar ke rubuta lokacin duk abin da ya same ta. Ɗaya da minti ashirin. Huɗu saura kwata. Ɗaya da ashirin da biyu. Huɗu saura sha huɗu. Ta bi su da yatsa har ƙasa, sannan ta ɗaga kai.

"In dai ibada take yi, me ya sa take riga ladan? Kullum sai ta mutu da minti goma sannan a kira sallah."

Tayyib ya miƙe ƙafa a kan kwali. "Farfesa, ai sai an yi alwala tukuna."

Ta ɗauki murfin biro za ta jefe shi, sai hannunta ya tsaya. Kwana shida suna tone cikin kwamfuta, ba wanda ya tambayi abin da ke faruwa a unguwar nan minti goma kafin kiran sallah. Ta miƙe ta gyara hijabinta, ta ce ya rufe bakinsa ya biyo ta, yau ba kwamfuta za su kalla ba.

Ɗakin firiza yana manne da cibiyar, nan Kawu ya jera baturan solarsa da inbata, na'urar da ke raba wutar. Suka tsaya a gabanta suna shaƙar ƙarnin nama. Lambar da ke nuna nauyin wutar da ake ja tana zaune wuri ɗaya. Tayyib ya fara cewa shi fa yana da aiki a Safana, ta ce ya jira.

Huɗu saura kwata, inbata ta yi ƙara sau ɗaya. Ƙwan fitilar ɗakin ya dushe ya dawo, kamar ƙiftawar ido. Lambar ta yi tsalle ta ninka kusan uku. Ta bayan bango suka ji kukan da kwamfutar ke yi in za ta sake tashi. Can nesa kaɗan kuma, ta bayan katanga, sai ƙarar ruwa yana zuba cikin durom.

Suka kalli juna.

Tayyib ya durƙusa ya ƙirga wayoyin da suka fita daga inbata. Ta cibiya, ta firiza, ta cikin gida. Ta huɗu an naɗe ta da tsohuwar roba, an bi da ita ta bayan buhunan gawayi, ta ɓule ta wani rami a gindin bango. Ya ce tun yana zuwa gidan nan bai taɓa ganinta ba.

Suka zagaya lungu. An zura wayar cikin tsohon tiyo an binne, amma ruwan damina ya tone shi a wurare biyu. Suka bi shi taku arba'in, har ya hau katangar masallacin unguwa ya shige wani akwatin ƙarfe. A gindin akwatin ga Ladan Gambo riƙe da tiyon ruwa yana cika wasu rabin durom guda biyu, butoci jere a gefensa, injin rijiyar burtsatse na gurnani a ƙasa.

Da ya gan su ya shiga gaisuwa. Ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Safana, ya tambayi damina, ya dawo kan gajiya. Sadiqa ta amsa duka, sannan ta tambaye shi wutar famfon nan daga ina take. Ya nuna saman masallaci da haɓa, inda wani faifan sola yake kwance tun shekarun baya, wanda duk unguwa ta sani da shi ake jawo ruwa. Tayyib ya ja da baya ya ɗaga kai. Ya ce wayar faifan a tsinke take tana lilo, tattabaru ma sun yi sheƙa a ƙarƙashinsa.

Ladan ya dubi agogon hannunsa, wanda ba ya tafiya, ya ce lokaci ya yi. Bai taɓa shiga kiran sallah da sauri irin na ranar ba.

Bayan la'asar Sadiqa ta aika a cewa Kawu tana roƙon ya shigo cibiya. Ya shigo yana goge hannu a tsumma, yana tambaya ko yau kuma wace na'urarsa za a kashe. Ta ba shi kujera, ta rufe ƙofa, ta ce sun ga waya ta huɗu.

Tsumman ya tsaya a hannunsa. Ya dubi Tayyib, Tayyib ya dubi ƙasa.

"Wa kuka faɗa wa?"

"Ba kowa, Kawu. Amma kwana shida kana ganin ina hauka. Ka bari na kashe maka firiza, kana sane da akwai famfo a kan wutar."

Ya ce wallahi bai kawo a ransa ba. Shekara huɗu famfon nan na aiki, tsohuwar kwamfutarta ba ta taɓa ko atishawa ba, ya za a yi ya zargi famfo? Tayyib, wanda yanzu murmushi ya fara cika masa fuska, ya yi masa bayani. Injin ruwa in zai tashi yakan zuƙi wuta da yawa lokaci guda, sai wutar gida ta ɗan ƙifta. Ƙananan kwamfutocin ɗalibai na da batir a jikinsu, ba sa ji. Babbar kuma da can cinta kaɗan ne, ɗan abin da ya rage a cikinta kan riƙe ta har ƙiftawar ta wuce. Yanzu da aka ƙara mata ƙarfi ta zama mai ci, ko ƙiftawa ɗaya ba ta iya jurewa. Ya juya ga Sadiqa ya ce yana sauraro, yana bin ta ban-haƙuri a kan maganar gwanjo.

Ta ce ta ji, kayansa lafiyayyu ne, amma fankar dai ta banza ce.

Ya ƙara da tuna mata akwatin batir ɗin da ya ce ta saya wa babbar kwamfutar tun bara, wanda aikinsa ke nan ya riƙe ta in wuta ta ƙifta. Wa ya ce masa ai suna da sola, wutar sola ba ta ɗaukewa? Sadiqa mai yi wa gari huɗuba a kan sakaci ta shiga gyara hijabin da ba abin da ya same shi.

Sai ta koma kan Kawu. Ta ce abin da ta kasa ganewa shi ne ɓoyon. Ba wa masallaci wuta abin kunya ne?

Ya naɗe tsumman ya dube su.

"Kakarku Tasalla ta yi shekara talatin da ɗaya tana cika randunan masallacin nan da tulu, kullum sau biyu. A bakin katanga take juyewa ta wuce. Ranar da muka rufe ta, washegari randuna suka wayi gari a bushe. Sai a ranar wasu suka san ashe ba da ƙafarsa ruwan ke zuwa ba."

Ya ce daga baya jama'a suka haɗu aka haƙa burtsatse aka sa faifai. Shekara ɗaya faifan ya yi ya mutu. Aka kafa kwamiti, kwamiti ya zauna sau uku ya sha shayi. Tsofaffi suka koma ɗauko buta daga gida. Ranar wani ɗaurin aure da duk unguwa ta kwashe zuwa Safana, shi da Gambo suka tsaya suka binne wayar, ya sa Gambo ya rantse ba zai faɗa ba. Ruwa ya dawo, kowa ya ce faifai ne ya farfaɗo da kansa, ba wanda ya hau ya duba.

"Ladan aikin nan nata ne, ba nawa ba. Ita ba a san ta ba sai da ta mutu. Ni kuma sai in tsaya a yi ta nuna ni a kasuwa? Kuma kin san mutanenmu. In aka ji Lado na raba wuta, gobe mai cajin waya da mai niƙa da mai aski duk za su zo da wayarsu a hannu."

Tayyib ya yi dariya, amma idonsa ya kawo ruwa. Sadiqa ta dawo da su kan maganar gobe.

Suka bi hanyoyi ɗaya bayan ɗaya. A cire wayar daga inbata na wuni guda, Kawu ya ce lasifikar kiran sallah ma a kanta take, ba zai sa unguwa ta yi azahar shiru ba. A mayar da tsofaffin kayan kwamfutar, Tayyib ya ce da su ba za ta ɗauki yara goma ba, dalilin aikin ke nan tun farko. A sayo akwatin batir, sai an je Katsina, ko ya fita da sassafe ba zai dawo ba sai yara sun juya. A tara ruwa tun da safe, tankin masallaci ya fashe bara, yana nan a kife akuyoyi na kwana a inuwarsa. Rabin durom biyu ne kaɗai, kuma ranar kasuwa sai an cika su sau uku, don duk 'yan ƙauye a nan suke alwala.

Sadiqa ta ce to abin mai sauƙi ne. A je a faɗa wa Liman gaskiya, ya sanar kowa ya zo da ruwansa gobe, daga nan kuma a tashi wancan kwamitin daga barci a sayi tanki a gyara faifai. Kawu ya ce a'a. Ta ce yara ashirin ne fa, iyayensu za su wuni da zuciya a hannu har motar ta dawo. Muryarta ta fara hawa, har Tayyib ya taɓa mata kujera da ƙafa don ta tuna da wa take magana.

Kawu bai ji haushi ba. Ya miƙe ya saɓa tsummansa.

"Gambo ba zai kunna famfo ba gobe sai yaranki sun gama. Ruwa kuma ba zai yanke ba. Ke dai ki riƙe mini bakinki, na san yana miki wuya."

Ta ce ta yi alkawari. Ta tambaye shi ruwan daga ina zai zo, ya ce wannan ba ya cikin abin da aka koya mata a makaranta.

Washegari sha ɗaya saura motar Runka ta tsaya a bakin layi, ƙura ta rufe ta. Yara ashirin suka diro, kowa riƙe da biro, duk da an ce musu ba a buƙata. Wata doguwa mai suna Zuwairatu ta tsaya a bakin ƙofa ta cire takalmi, ta ce ita dai a sa ta a rukuni na biyu, sai ta ga abin da ya sami na farko. Ta tambayi Sadiqa a hankali ko gaskiya ne in mutum ya danna inda ba daidai ba kwamfutar na ƙonewa. Sadiqa ta kama yatsanta ta danna mata wurare biyar a jere, ta ce ta duba ko ta ga hayaƙi.

Rukuni na farko ya gama lafiya. Sha biyu da rabi na biyu suka zauna, agogo ya fara ƙirga musu awa ɗaya da rabi. Zuwairatu ta fara da yatsa ɗaya kamar mai taɓa tukunya a kan wuta. Kafin tambaya ta goma har ta fara gyaɗa kai tana motsa baki.

Ɗaya da kwata Tayyib ya jawo kujera ya zauna gaban babbar kwamfutar ya zuba mata ido. Sadiqa ta kasa zama. Ɗaya da ashirin ta yi. Da ashirin da biyu. Da ashirin da biyar. Shuɗiyar fitila na ta juyinta. Tayyib ya ɗaga babban yatsa, ya ce da ta bar shi ya sa fanka biyu da ta fi haka kyau.

Aka kira sallah a lasifika, kwamfuta ko gezau. Matan da suka taru a taga don su ga mutuwar yau suka fara watsewa rai a ɓace, ɗaya na cewa ai dama tun da aka yi ta kwance ta an kore abin.

Sai Sadiqa ta ji hayaniya da dariya ta wajen lungu. Ta bar wa Tayyib ɗakin ta leƙa.

Sarkin Fawa guda, ranar kasuwa, ya bar teburinsa a hannun abokan sana'a, ya naɗe ƙafar wando, yana turo kurar 'yan ga-ruwa da jarka goma. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, hularsa ta koma ƙeya. Sahu na uku ke nan. 'Yan layin nama suna ta yi masa tsiya, wani na tambayar nawa jarka, wani na cewa Allah ya sa ba sayen bijimi ne ya karya jarin ba. Shi kuma yana ce musu famfo ne ke hutu yau, kuma likita ya ce ya riƙa motsa jiki. 'Yan ga-ruwa biyu suna bin sa suna roƙon ya ba su kurarsu su ƙarasa masa, ya ƙi.

Da ya zo daidai inda take ta ce a hankali, Kawu ai da ka sa su sun yi. Bai tsaya ba, ya ce uwarsa ba ta taɓa ɗaukar haya ba.

Ta tsaya a bakin lungu tana kallo yana juye jarkoki a durom, Ladan Gambo na cika butoci. Harabar masallaci ta cika maƙil da 'yan kasuwa, wasu a tsugunne suna alwala, wasu na jiran buta. Ta duba agogonta. Saura minti goma sha shida yaranta su gama.

A lokacin Liman ya fito daga zaurensa, dattijo mai farin gemu da sanda. Ya ga Sarkin Fawa a jiƙe yana haki, ya tsaya. Ya ce subhanallahi, da girmansa da shekarunsa, a rasa mai ɗebo ruwa sai shi? Ya juya ga Ladan ya tambaye shi me ya sami famfo. Gambo ya ce wato, famfon dai, Allah gafarta Malam, wato yau ɗin. Ya dubi Kawu, ya dubi sama, ya kasa ƙarasawa.

Liman ya ce bari ya gani da idonsa. Ya dogara sandarsa har gindin katanga, ya buɗe akwatin ƙarfen, ya sunkuya ya ƙura ido. Sai ya yi murmushi irin na wanda ya gano abin da ya gagari yara.

"Ai ba lalacewa ya yi ba, Gambo. Makunnin ne a ƙasa. Lado, ajiye jarkar nan ka huta."

Ya ɗora yatsa a kan makunnin.

Saura minti goma sha huɗu. A bayan bangon can Zuwairatu da 'yan uwanta tara suna kan tambayoyin ƙarshe. Sadiqa da ba ta taɓa ganin abu ya karkace ta yi shiru ba, ga alkawarin jiya ya danne mata harshe. Ta ɗaga ƙafa ta yi taku ɗaya cikin harabar maza, ba ta san me za ta ce ba.

Kawu Lado ya saki jarkar hannunsa ta faɗi ƙasa, ruwa ya malale. Shi ya riga ta magana.

"Malam, ɗauke hannunka."

Masu alwala suka tsaya da buta a hannu. Liman ya waiwayo, yatsansa na nan inda yake.

"In ka kunna, yaran Runka da ke jarrabawa a shagon can za su rasa aikinsu. Famfon nan da kwamfutarsu wuta ɗaya suke sha. Faifan da ke sama ya mutu shekara huɗu."

"To wutar wa muke alwala da ita shekara huɗu?"

Kawu Lado ya cire hularsa ya matse ta, ya mayar. Ya dubi Sadiqa kamar ita ta jawo masa, sannan ya sunkuyar da kai.

"Daga gidana take."

Liman ya ɗauke yatsansa a hankali, ya rufe akwatin, ya jingina bayansa da shi yadda ba mai iya buɗewa. Ya dubi jama'ar da ta cika harabar har bakin titi, ya dubi Sarkin Fawa da ke ɗiga ruwa.

"Matso nan gaba, Lado. Maimaita, na baya ba su ji ba."